Yaya Ɗayyabu da Shekarar da Atina ta Kashe Kwamandojinta

Yau shekara ashirin ke nan da muka kai yayana Malam Ɗayyabu makwancinsa a nan Jidda. Waɗanda suka bi gawar ba su da yawa, galibinsu tsofaffin 'yan dako ne na bakin teku, kuma su ma yanzu saura ƙalilan. Duk shekara in watan nan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami, in sake ajiyewa. Bana gwiwa ta ƙi, ido ya soma hazo, sai na ce in ban rubuta yanzu ba, to sai dai wani ya rubuta nawa.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Malamin makaranta ne a gida, can ƙasar Gumel, yana koyar da tarihi. A shekarar da aka yi wa ma'aikata korar gari ɗaya, ya je wurin aiki da safe ya tarar da sunansa a takarda tare da na wasu malamai da dama. Laifi ɗaya aka jingina musu dukansu, kuma ba wanda aka kira aka ce ya faɗi nasa. Bai yi ƙara ba, bai je kamun ƙafa ba. Ya sayar da kekensa da gonarsa, ya ce in shirya mu tafi Hajji. Muka iso a ƙarshen 1975, muka sauke farali, jirgin komawa ya tashi ya bar mu.

Wanda ya san Jiddar yau kaɗai ba zai gane ta wancan lokaci ba. Jiragen kaya suna jere cikin teku kamar shanu a bakin rijiya, wani sai ya yi watanni bai sami wurin tsayawa ba. Saboda haka wasu 'yan kwangila sukan ɗebi mutane irinmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, a zuba mu a lanci, wato kwale-kwale mai inji, a kai mu can inda jirgi ya tsaya mu sauko da siminti. Hannun da ya saba da alli ya koma ɗaukar buhu. Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Ammariyya, kuma duk abin da Yaya ya mallaka bai wuce tabarma da buta da wani littafin tarihin Girkawa na Larabci da ya saya a wurin masu tsofaffin littattafai ba.

Littafin yana da kauri, amma shekara ɗaya tak ya riƙe daga cikinsa, shekara ta ɗari huɗu da shida kafin haihuwar Annabi Isa. Ranar Juma'a bayan an ci abinci, in an zuba shayi, sai ya gyara zama. Mun ji labarin har mun haddace, ga shi kuwa yadda yake ba da shi.

Birane biyu ne, Atina da Isbarta, sun yi shekara ashirin da biyar suna yaƙi. Jariran da aka haifa ranar da aka soma shi, su ne yanzu suke mutuwa a cikinsa. A wannan shekara abokan gaba suka tsare jiragen Atina a bakin wani tsibiri. Gari ya duba, maza sun ƙare. Sai aka yi shela, bawa ko baƙo, duk wanda ya ɗauki filafili ya shiga jirgi ya zama ɗa, ya zama ɗan gari. In Yaya ya zo nan ɗakin yakan ɗauki dariya, wani ya ce, “Iƙama ke nan da filafili! Wallahi da mun je.” Shi ba ya dariya. Cikin wata guda suka haɗa rundunar ruwa, suka fita, suka yi nasarar da ba wanda ya zata. Amma jiragensu sama da ashirin sun farfashe, mutane na riƙe da katakai a cikin ruwa. Kwamandojin suka ware waɗanda za su koma su tsamo su, sai guguwa ta taso ta hana. Ba a ceci masu rai ba, ba a kwaso gawa ba.

Aka kira kwamandoji takwas gida. Biyu suka sha jinin jikinsu suka gudu, shida suka dawo. Zaman majalisar gari ya zo daidai da bikin da dangi ke haɗuwa, kowane gida ya ga gurbin wanda babu. Mutane suka shigo taro da baƙaƙen kaya da kai a aske. Wani ya miƙe ya ce a yanke wa dukansu hukunci da ƙuri'a ɗaya, alhali dokarsu ta ce kowa a yi masa shari'arsa dabam. Taro ya ɗauki ihu cewa ba mai hana jama'a abin da take so. Cikin masu jan ragamar zaman, dattijo ɗaya kaɗai ya ce shi ba zai sa hannu a abin da ya saɓa doka ba. Aka tsallake shi, aka kashe mutum shida. Ba a daɗe ba gari ya yi nadama, ya juya yana neman waɗanda suka zuga shi. In muka tambayi Yaya yadda yaƙin ya ƙare, sai ya ce, “Ai ya ƙare ran nan. Abin da ya biyo baya girbi ne kawai.”

Gaskiya mun gaji da labarin. Mutum ya wuni da buhu a ka, a zo ana yi masa zancen mutanen da ƙasusuwansu ma sun zama ƙasa. Ni na ɗauka ciwon korarsa ne yake sosawa, kuma wataƙila haka ne.

A shekararmu ta biyu namu ya same mu. Muna da shugabannin aiki biyu da muke kira rayyis. Shu'aibu Bahaushen Sudan ne, mutum mai faɗa amma mai riƙon amana. Hamidu kuwa tun yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka taho da shi daga gida ta hanyar ƙasa, bai san ko'ina ba sai Jidda. Ran nan bayan la'asar muna dawowa daga jirgi, lancin Hamidu yana can gaba ya kusa tudu, namu na Shu'aibu yana tsakiya, a bayanmu kuma akwai ƙaramin kwale-kwale da mutum uku. Iskar arewa ta taso ba sallama. Muna kallo igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalen nan ta kife shi.

Shu'aibu ya juya lanci. Ruwa ya zubo mana har gwiwa, ba mu ga kowa ba. Ya sake juyawa karo na biyu, injin ya soma tari, ga duwatsun ƙarƙashin ruwa a gefenmu. Mu goma sha ɗaya ne a ciki, kowa na salati. Da ya yi niyyar juyawa na uku, wani ya damƙe hannunsa ya ce, “Rayyis, kashe mu za ka yi? Ka kai mu tudu!” Ya dube shi, ya dubi ruwa, ya miƙe da mu. Wanda ya damƙe hannun nan ni ne.

Ba a ga gawar ko ɗaya ba. Babu wanka, babu likkafani, babu kabarin da za a nuna wa dangi. Wanda bai zauna a baƙon wuri ba ba zai san nauyin wannan ba, don mu abin da ya rage mana na daraja a ƙasar nan shi ne in ɗayanmu ya faɗi mu ɗauke shi da hannunmu. Tanimu, wan ɗaya daga cikin mamatan, ya yi kwana uku yana bin gaɓar teku ba ci ba sha. Da ya dawo sai ya shiga bin ɗakuna yana cewa rayyis biyu sun zaɓi lanci sun bar 'yan'uwa. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Juma'ar da ta biyo aka yi taro a tsakar wani gida a Ammariyya, ya cika har ƙofa. Dattawa uku ke gaba, Yaya na cikinsu saboda shi ke rubuta mana abin da aka yanke. Shu'aibu da Hamidu suna tsugune a gefe. Duk lokacin da ɗayansu ya buɗe baki sai hayaniya ta rufe shi. Aka kawo shawara a yanke su daga cikin jama'a: ba mai gaishe su, ba mai aiki a ƙarƙashinsu, ba mai zuwa sunansu ko jana'izarsu. Mu goma da muke cikin lancin muna zaune a wurin. Ba wanda ya ɗaga kai.

Yaya ya miƙe. Ya ce a kira su ɗaya-ɗaya, a ji ta bakin kowa, domin Hamidu ma bai ga abin da ya faru ba. Har an soma saurarensa. Sai kuma ya ce, “Jama'a, akwai wani gari da ya taɓa yin irin wannan, ana ce masa Atina.” Nan ya rasa su. Wani daga baya ya ce, “Malam, mutanenmu na cikin ruwa kana kawo mana tatsuniyar arna?” Tanimu ya ce, “Halas, magana ta ƙare, a ɗaga hannu.” Aka ɗaga. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Nawa hannun ma ya tashi, ban san lokacin da ya tashi ba. Aka miƙa wa Yaya takarda ya rubuta, ya ce hannunsa ba zai rubuta wannan ba. Ya ajiye alƙalami a kan tabarma, ya nemi takalmansa ya fita. Wani ya rubuta.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma mutumin da jama'arsa ta janye masa inuwa a garin nan, rana ba ta daɗewa ba ta same shi ba. Kafin mako biyu aka zo har ɗaki aka kama Shu'aibu da Hamidu saboda rashin takarda. Wanda ya nuna ƙofar, Allah kaɗai ya san shi. Aka tasa ƙeyar Shu'aibu zuwa Sudan, inda muka ji ya rasu bayan 'yan shekaru a garin da ke fuskantarmu ta ƙetaren teku. Hamidu kuwa aka sa shi a jirgin Kano, garin da bai san kowa ba, ya bar matarsa Zulai da 'ya'ya mata biyu. Wasiƙa biyu suka zo daga gare shi, daga nan shiru.

Nadama ta zo, kamar kullum, a makare. Da na sani ƙeya ce. Bayan 'yan watanni sai ka ji ana cewa ai dama ni ban so ba, ai Tanimu ne ya zuga mu. Mutanen da suka ɗaga hannu tare da shi suka daina zama inda yake, har ya tattara ya koma Makka. Yaya bai taɓa cewa ai na faɗa muku ba. Abin da ya yi, duk Juma'a yakan je ƙofar Zulai ya yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ya ajiye kifi ko shinkafa, ya tambayi lafiyar yara daga waje, ya juya. Labarin Girkawa kuwa ya daina ba da shi a ɗaki. Mu ma ba wanda ya sake nema.

Shekaru suka tafi. Muka sami kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, muka sami iƙama, na yi aure, muka koma unguwar Kurayyat. Shi bai sake aure ba tun rasuwar matarsa a gida. Ƙurar siminti ta zauna masa a ƙirji, ya bar dako ya koma rubuta wa mutane wasiƙa. A ciwonsa na ƙarshe, wani hantsi ina yanke masa farce, na kasa riƙewa. Na gaya masa yadda Shu'aibu ya juya sau biyu, da yadda na riƙe masa hannu.

Ya ce, “Na sani, Ilya. Tun a taron na sani. Kai da ba ka iya shiru, ran nan ko tari ba ka yi ba.”

Na ce, “To Yaya, me ya hana ka kira ni in ba da shaida?”

Ya dubi rufin ɗaki. Sannan ya ce, “Sunanka na bakina lokacin da na miƙe. Na dubi idon mutane, na ga in na kira ka za su haɗa da kai. Kai ne amanar da Inna ta bar mini. Sai na gudu na shige bayan Girkawa.” Ya yi tari, na ba shi ruwa. Ya ce, “Dattijon nan nasu ba shi da ƙane a cikin jirgi. Kada ka bari wani ya kwatanta ni da shi.”

Bai ƙara kwana goma ba.

To, yau da zai leƙo me zai ce? Nakan yi wannan tambayar idan na zauna gaban talabijin da jikokina, waɗanda in na yi musu Hausa sukan amsa mini da Larabci. Shekara uku da suka wuce ruwa ya ci unguwanni a garin nan, muka ga motoci a kan juna kamar ƙwaryar da aka zubar. Tun ba a gama tsamo mutane ba kowa ya riga ya san mai laifi. Bara kuma muka wuni muna kallon dandali bayan dandali ya cika a ƙasashen Larabawa, yau a ɗauki mutum a kafaɗa, gobe a nemi wuyansa. Har Girkawan nasa na gani suna jifa a gaban majalisarsu. Ba na ce masu fushi ba su da gaskiya ba, sau da yawa suna da ita, Tanimu ma yana da tasa. Abin da Yaya ke tsoro shi ne gaggawar da ke biyo bayan gaskiyar. Da can sai an tara mutane a tsakar gida kafin a yanke mutum. Yanzu saƙo ɗaya a waya ya isa, kafin a kira sallah an gama da shi, ba a ma ga fuskarsa ba. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Zai dai gyara tabaransa ya ce wa jikokin nan su rage sautin, ya gaji.

Ni ma na gaji. Na ga an yanke mutane da yawa tun daga ran nan, a masallaci, a wurin aiki, a cikin dangi, kuma kusan kullum akwai wani a gefe da ya san abin da ya faru ya sunkuyar da kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na tsaya a kan nawa shekara talatin da biyar.

A watan jiya na nemi gidan Maryama, babbar 'yar Hamidu. Yanzu ita ma ta yi jikoki. Yaya ne ya tsaya mata waliyyi ranar aurenta, saboda haka ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo gahawa da dabino. Na gaya mata komai a gaban mijinta. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, “Ya ammi, abu ɗaya nake so in ji. Babana yana da laifi?” Na ce ko kaɗan, bai ma san an kife ba sai da muka sauka. Ta ce, “Mun tashi ana nuna mu ana cewa 'ya'yan wanda ya bar mutane a ruwa. Mama ta rasu bara waccan. Da ita ka faɗa wa.” Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don ban ga fuskar roƙo ba. Da zan fita ta ce, “Malam kaɗai ke yi mana sallama a shekarun nan. Muryarsa nake ji har yau in an ƙwanƙwasa ƙofa ran Juma'a.”

In aka auna Yaya da ma'aunin duniya, bai bar komai ba. Bai haihu ba, bai gina ko ɗaki ba, littafin nasa ma ruwan da na ambata ya shiga akwatina ya mai da shi kunu. Bai ceci Shu'aibu ba, bai ceci Hamidu ba, kuma da bakinsa ya ce tsoro ya sa ya karkace a daidai inda ya kamata ya miƙe. Amma a taron da ya cika tsakar gida, shi kaɗai ne ya ƙi rubutawa, kuma shi kaɗai ne ya ci gaba da zuwa ƙofar da kowa ya juya wa baya, shekara goma sha biyar, har ƙafa ta gaza. Rabin gaskiya ya iya ɗauka, ya ɗauke ta har kabari bai sauke ba. Ɗaya rabin nawa ne, shi ya rufa mini ita saboda ƙauna, kuma rufawar ta ci mutum biyu.

Don haka ga shaidata, ko da masu buƙatarta sun riga sun tafi. Shu'aibu ya juya lanci sau biyu cikin iskar da ba mai hankalin da zai juya ko sau ɗaya. Hamidu ba ya wurin. Ni Iliyasu na riƙe hannun rayyis, kuma ni na yi shiru ranar da ake tambaya. Duk wanda jaridar nan ta kai gare shi a Kano ko a Sudan, in ya san wani nasu, ya karanta masa wannan sakin layi.

Allah ya jiƙan mutum ukun da teku ta riƙe, ya jiƙan Shu'aibu da Zulai, ya jiƙan Hamidu in ya riga mu, ya sa Yaya Ɗayyabu ya tarar da shari'ar da ake kiran kowa shi kaɗai a saurare shi har ya gama.